Rubutaccen shirinmu na wannan mako: Kafin ka sayi tsohuwar Marsandi ko Fijo a bakin iyaka, karanta tarihin gwajinta

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau maganar tsofaffin motoci za mu yi. Ba wai tsohuwa ta shekara goma ba, a'a, irin na zamanin iyayenmu: Peugeot 504 da muke kira Fijo, da Marsandi W123, da ƙanwarta W124 wadda kowa ya sani da V-boot, da 190E wato Baby Benz. Matasa sun dawo suna son su. Wani don hoto ranar biki, wani don ya tuna da mahaifinsa, wani kuma lissafi ya yi, ya ga kuɗinsa ba za su kai Corolla ba, ga shi an ce masa waɗannan motocin ba sa mutuwa.

Saƙonnin da suka fi yawa daga yankin Bagudo suka zo, kuma ba abin mamaki ba ne. Wanda ya san wajen ya san cewa in ka tashi daga Bagudo ka tsallake gadar Tuga a kan Kogin Kwara, ka bi ta Kaoje ka isa Tsamiya, to kana bakin ƙasar Benin. Gaba kaɗan Segbana ce, daga nan Kandi, daga Kandi kuma ka hau babban titin da ya taso daga Kwatano ya bi ta Parakou ya nufi Malanville. Mutanen Illo da Lolo kuwa kasuwa ɗaya suke ci da 'yan'uwansu na tsallake. Don haka a wannan yanki kullum akwai wanda ya san wani da ke da mota a can, mai kyau, mai arha, "kuma ga takardar gwajinta ta Turai". Wannan takardar ce maganarmu ta yau.

Bari mu fara da Ingila, don su ne suka fi kowa buɗe littafinsu. Gwajinsu sunansa MOT, an fara shi a 1960. A yau mota in ta cika shekara uku dole a kai ta, daga nan kuma kowace shekara. Ana duba birki, sitiyari, taya, fitilu, bel ɗin kujera, hayaƙi, da ƙarfin ƙarfen da ke ɗauke da motar. Abin burgewar shi ne gwamnatinsu ta zuba sakamakon a intanet kyauta. Lambar motar ta Ingila kawai za ka saka a shafin gwamnati, sai ya fito maka da duk gwajin da aka yi mata tun daga 2005: ranar da aka yi, ta ci ko ta faɗi, abin da mita ke nunawa a ranar, da dalilin faɗuwa in ta faɗi. Akwai kuma abin da na fi so, wato gargaɗi. Mai gwaji yana iya barin mota ta wuce, amma ya rubuta cewa ga wani abu ya fara lalacewa, a sa masa ido.

To yadda ake karanta shi. Kada ka tsaya a kan kalmar ta ci ko ta faɗi. Motar da ta faɗi saboda ƙwan fitila ya mutu, aka canja, ta ci washegari, wannan ba komai ba ne. Ka jera shekarun ka bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin sawu. Ka fara da mita. Misali, a ce a wata shekara an rubuta mil 140,000, shekara biyu bayan nan kuma sai ga mil 96,000. Mota ba ta tafiya da baya ta rage nisa, ko an juya mitar ko an canja ta. Kuma ka tuna su mil suke ƙirgawa, mil ɗaya kimanin kilomita 1.6 ne, don haka mil 140,000 ya kai kimanin kilomita 225,000.

Sai ka koma kan gargaɗin. In ka ga abu ɗaya yana maimaita kansa, bana an ce tsatsa ta fara cin ƙasan ƙofa, baɗi an sake faɗa, shekara ta uku an sake, to ka san irin mai motar: mutum ne da ba ya gyara sai an tilasta shi. Wanda bai kula da abin da aka rubuta masa a takarda ba, kana ganin ya kula da canjin baƙin mai? Ni a wajena wannan ya fi lambar mita muhimmanci, don halin mai mota shi ne lafiyar mota. Sannan ka duba layin ƙarshe da kyau. Da yawa daga cikin motocin da ake lodawa a jirgi, labarinsu a nan yake ƙarewa: ta faɗi gwaji saboda tsatsa a wajen da ƙafa ke kamawa, mai ita ya ga kuɗin walda sun fi kuɗin motar, ya sayar wa mai fitarwa waje. Ba a sake gwada ta ba. Abin da ya gagari Bature, shi ne aka yi wa fenti aka kawo maka.

Kada a ce na ƙirƙira. A watan Oktoba 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka, kashi 40 cikin ɗari. A daidai lokacin hukumomin ƙasar Holan sun binciki motocin da ake fitarwa daga tasoshinsu zuwa Afirka, suka tarar yawancinsu ba su da takardar gwaji mai rai a ranar da aka fitar da su, kuma yawanci sun kai shekara 16 zuwa 20.

Yanzu ga inda tsohuwar mota ta bambanta da sauran, kuma nan ne dillali ke cin kasuwarsa. Na farko, kundin Ingila daga 2005 ya fara. Motar da ta bar can kafin wannan shekarar, ba za ka ga komai a kanta ba. Na biyu, tun watan Mayu 2018 motar da ta haura shekara 40, in ba a yi mata wani babban sauyi ba, doka ba ta tilasta a kai ta gwaji. Ke nan Marsandi 'yar 1982 tana iya yawo a titin Ingila shekara da shekaru babu wanda ya leƙa ƙarƙashinta, kuma ba ta karya doka ba. In dillali ya ce maka "ai wannan ta wuce gwaji, an yafe mata", gaskiya ya faɗa, amma yafewa ba shaidar lafiya ba ce. Masu son motarsu da gaske suna ci gaba da kai ta don kansu, kuma in ka ga haka a tarihin, alama ce mai kyau.

Na uku, kuma wannan ku riƙe shi: MOT ba ya duba lafiyar inji, ba ya duba kuloci, ba ya duba giyabos. Gwamnatinsu da kanta ta rubuta haka. Gwajin yana tambaya ne ko motar za ta kashe wani a titi yau, ba ya tambayar ko za ta kai ka Birnin Kebbi ta dawo. Mota tana iya cin gwaji da safe injinta ya buga da yamma.

Akwai kuma matsalar da ta fi duk waɗannan. Motar Ingila sitiyarinta a dama yake. Mu kuwa tun 2 ga Afrilu 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma dokokin hanya na Najeriya ba su yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Don haka in ka ga mota da takardar Ingila amma sitiyarinta a hagu, tambaya ta taso. Ko dai asali daga wata ƙasa aka kai ta Ingila, wanda yana faruwa, ko an juya sitiyarin a wani gareji, ko kuma takardar ta wata motar ce daban. Juyin sitiyari ba wasa ba ne, ana taɓa birki, ana taɓa wayoyi, ana huda bangon da ke tsakanin inji da direba. Ka leƙa ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja da tocila, ka duba ko akwai ramukan da aka toshe. Ka duba waifa ma, wani lokaci sai ka ga har yanzu gefen dama ta fi sharewa. Ni dai motar da aka juya wa sitiyari, ko kyauta aka ba ni ba zan ɗauki iyalina a ciki ba.

Gaskiya ma yawancin motocin Kwatano ba daga Ingila suke ba. Ba banza muke kiransu Beljiyam ba. A Brussels akwai unguwar Heyvaert da ta shahara da tara motocin hannu daga ko'ina a Turai, a kai su tashar Antwerp, a loda zuwa Afirka ta Yamma. Kowace ƙasa da tsarinta. A Jamus gwajin da ake kira TÜV duk shekara biyu ake yi, amma ba a zuba shi a intanet don kowa ya gani, sai dai takardar da ke hannun mai motar. Motar da ta kai shekara 30 kuma tana cikin kyakkyawan yanayi suna ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe, kuma sai an duba ta kafin a bayar. A Faransa gwajin ya zama dole tun 1992, kuma akwai shafin gwamnati mai suna HistoVec da ke nuna tarihin mota, sai dai mai ita ne ke ciro rahoton ya tura wa mai saye. Beljiyam tana da Car-Pass, takardar da ke jera kilomitocin da aka rubuta duk lokacin da mota ta je gareji ko gwaji. In motar Amurka ce, Carfax ake nema da lambar chasis mai harufa da lambobi 17, sai dai wannan tsarin lambar daga 1981 ya fara, motar da ta girme shi ba za ta fito ba.

Abin da ya haɗa su duka: takarda ba ta da amfani sai lambar chasis ɗin da ke jikinta ta yi daidai da wadda aka buga a ƙarfen motar. Ba wadda ke kan ɗan farantin da aka liƙa ba, don shi ana cirewa a mayar, wadda aka buga a jikin ƙarfe nake nufi. Ka goge wajen da tsumma, ka karanta da kanka harafi bayan harafi. In ka ga alamar walda ko sabon fenti a kewayen lambar alhali sauran wajen ya tsufa, ka yi sallama ka tafi.

Sannan ko da takardar gaskiya ce, ranar da aka yi gwajin take ba da labari. Bayan nan motar ta hau jirgi, ta zauna a filin motoci na Sekandji a gefen Kwatano cikin iskar teku, ƙila an cire mata wani abu an sa mata wani, sannan aka tuƙo ta ɗaruruwan kilomita zuwa arewa. Wata ma ta yi shekara goma tana haya tsakanin Kandi da Malanville. A Benin ma akwai gwajinsu da suke kira bizit, a ƙarƙashin hukumar CNSR, mu kuma muna da takardar ingancin mota ta VIO. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa kuka sani da suka sabunta fatikula, takardar inganci ta fito, alhali motar tana gida ba wanda ya gan ta? Don haka takardarmu ta gida ka karɓe ta don doka, kada ka karɓe ta a matsayin shaida.

To mu zo kan maganar da za ta iya raba ka da motar gaba ɗaya. Tun 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci, sababbi da na hannu, ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa. Bayan wannan akwai iyakar shekaru ga motar hannu da za a shigo da ita, wadda a da shekara 15 ce aka rage ta zuwa 12. Ku yi lissafi da kanku: motar 1984 da ta tsallako ta daji jiya, ta wace ƙofa za ta samu takardar duti ta gaskiya? Arhar da ka gani, wannan ce. Za ka ji daɗinta a cikin gari, ranar da ka hau hanyar Koko ko ta Jega kwastam suka tsayar da kai, shi ke nan, ba mota ba kuɗi, dillali kuma ya kashe waya. Kafin ko sisi ya fita daga hannunka, ka ɗauki kwafin takardun dutin ka je ofishin kwastam na Birnin Kebbi a tantance maka su da lambar chasis. Mai motar da ya ƙi ba ka kwafi ya riga ya ba ka amsa.

Shi ya sa ni a ra'ayina, mai son tsohuwar mota a wannan yanki ya fara nema a cikin gida. Fijo 504 a Faransa aka fara ta a 1968, amma kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, shekara ashirin da wani abu bayan Faransa ta daina. Ke nan akwai 504 'yar Kaduna da ta fi V-boot ƙuruciya. Ba ta da matsalar duti, kuma ba ta taɓa taka gishirin da Turawa ke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ba, wanda shi ne ke cinye ƙasan motocinsu. Mota ce da ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, ba a banza ta riƙe hanyoyinmu ba. Tarihinta ba a intanet yake ba, a bakin mutane yake. Wa ya fara sayenta, ma'aikata ce ko ɗan kasuwa? Ta yi haya? Wane makaniki ne ke duba ta? Ka je wajensa kai kaɗai, ka saya masa lemo, za ka ji abin da babu a kowace takarda.

Ranar dubawa, ka je da makanikinka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka ce kada a tada motar kafin ka iso, in ka iso ka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, an riga ka. Inji mai sanyi ba ya ƙarya. A tada, kai kana baya kana kallon salansa: hayaƙi shuɗi mai yake ci, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa, wannan sau da yawa gyaran kafireta ne. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar kunun gyaɗa, ruwa da mai sun haɗu. A 504 wannan ya fi zama abin tsoro, don silindojinta irin waɗanda ruwa ke kewaye su kai tsaye ne, in ta taɓa yin zafi sosai sai a hankali. Ka buɗe lagireto tun inji na sanyi, a tada, ka ga ko ruwan na tada kumfa.

Marsandi W123 kuwa, an ƙera wajen miliyan 2.7 tsakanin 1976 da 1986, kuma injinta na dizal ya yi suna wajen daɗewa. Amma inji yakan fi bodi tsawon rai. Ka duba wuraren da ake sa jak, ƙasan ƙofofi, ƙarƙashin batir, bakin tayoyi, da cikin but bayan ka ɗaga shimfiɗa. Mitarta ma an san ta da karyewar ɗan haƙorin roba a ciki, sai ta tsaya cak ta yi shekaru ba ta ƙirga, don haka ka gwada ta a hanya ka ga ko lambobin na motsi. In tana nuna kilomita kaɗan amma robar birki da ta kuloci sun suɗe, kujerar direba ta lotse, sitiyari ya yi santsi, ka yarda da ƙafarka ka bar mita. V-boot na farkon shekarun 1990 kuma suna da ciwon wayoyin inji, rigar wayar na bushewa ta farfashe, ka sa mai gyaran waya ya taɓa su.

Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka naɗe shi da tsumma ka bi jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, cikon fanel bita ne. Kuma tunda maganar Bagudo muke, kada a manta da ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san motoci sun sha ruwa a bakin Kwara. Ka ɗaga kafet ka sunsuna, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai layin laka, ka leƙa ramin tayar safaya.

Daga nan sai hanya, kuma ba zagayen unguwa ba. A hau kwalta a yi minti talatin, a saka kowace giya, a saki sitiyari kaɗan a ga ko tana ja gefe, a taka birki da ƙarfi a wajen da babu kowa. In birki ya tafi ƙasa a hankali ƙarƙashin ƙafarka, akwai yoyo. Sannan a sauka kan burji mai gargada a saurari ƙafafu, don hanyar da za ta rayu a kai ke nan. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na 2014, ko zanenta bai goge ba ta gama aiki.

Abu biyu kuma da masu hoto ba sa faɗa. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, motar da ke shan lita goma ko fiye a kilomita ɗari ba ƙaramar ɗawainiya ba ce, ga man jarka na bakin hanya da ke toshe kafireta. Sannan 504 ba ta da jakar iska, ba ta da birkin ABS, yawancin W123 ma haka. Kaurin ƙarfe ba ya maye gurbinsu. Ga mai fita da ita ranar Juma'a da ranar biki, babu laifi. Ga wanda zai riƙa ɗaukar yara kullum a babban titi da dare, ya sake tunani.

In duk ta tsallake waɗannan kuma kun daidaita, a rubuta takardar ciniki da lambar chasis da lambar inji, shaidu biyu su sa hannu, a haɗa da kwafin katin shaidar mai sayarwa, a biya ta banki don a samu sawu. La'adar dillali a yanke ta tun farko. Kuma kada ka zuba duk abin da ke hannunka a sayen, ka ware na tayoyi huɗu, da robobin birki da mansa, da tiyon lagireto, da bel ɗin inji, don waɗannan a makon farko za ka canja su ko mai motar ya rantse jiya ya saka.

Masu tambaya a kan Beetle da Land Rover, mun gani, su ne a shiri na gaba in Allah ya kai mu.